Roba Takan Tsufa, Awo Ba Ya Tsufa: Tarihin Sil da Gasket a Injin Babur Mai Bugu Biyu

Duk wanda ya ɗauko tsohon babur mai bugu biyu da niyyar ya tayar da shi, ko Vespa ce ta gado da ta shekara ashirin jingine a zaure, ko Yamaha RD350 ce da wani mai sha'awa ya tsinto a garejin Ingila ko Amurka, yawancin kuɗinsa da hankalinsa suna tafiya ne kan fiston da ring da fenti. Sil da gasket sai a ƙarshe ake tuna su, a aiki yaro ya sayo duk wanda ya samu. Amma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A irin wannan inji, ƙaramin zoben roba da ke rungume da karanshaf, da siririyar takardar da ke ƙarƙashin silinda, su ne ke riƙe da numfashinsa gaba ɗaya. Idan aka bi tarihin waɗannan ƙananan kaya tun daga ƙarshen ƙarni na 19, darasi ɗaya ke fitowa a fili: maƙeran waɗannan injuna ba su taɓa ɗaure kansu ga wani abu guda da ake yin sil da shi ba, sun yi ta sauya shi duk lokacin da suka samu wanda ya fi, amma awo ne ba su taɓa yin wasa da shi ba. Don haka mai gyaran tsohon babur a yau, idan yana son ya riƙe amanar injin, sai ya bi awon da masu shi suka bari sau da ƙafa, ya kuma zaɓi robar da za ta jure fetur da zafin wannan zamani.

Dalilin da ya sa lamarin ya yi nauyi haka yana cikin asalin ƙirar injin. A 1881 injiniyan Sikotilan Dugald Clerk ya yi rajistar inji mai bugu biyu, amma nasa yana da wata silinda ta daban wadda aikinta shi ne tura iska da mai zuwa inda za su ƙone. Shekara goma bayan haka, a 1891, Joseph Day na garin Bath a Ingila ya kawar da wannan silinda ta biyu, ya mai da ɗakin da karanshaf ke juyawa a ciki ya zama shi ne famfon. Idan fiston ya hau sama, sai ya bar gurbi a ƙarƙashinsa, ɗakin ya zuƙo iska da fetur daga kabureta. Idan ya sauko, sai ya matse su, su bi ta ƙofofin da ke bangon silinda su hau sama. Wannan dabara ita ta sa injin ya zama marar nauyi, mai araha, marar bawul da tarkacen da ke motsa su. Sai dai ta zo da sharaɗi mai tsauri: ɗakin karanshaf dole ya zama a toshe ruf kamar zugazugin maƙeri, alhali kuwa ƙarfen karanshaf sai ya ratsa bangonsa ta dama da ta hagu, yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya. A inji mai bugu huɗu, sil ɗin da ya lalace ɗigon baƙin mai kawai yakan jawo a ƙasa. A mai bugu biyu kuwa, sil ɗin yana cikin hanyar da abincin inji ke bi.

Abin da lalacewarsa ke haifarwa ya danganta da gefen da ya mutu. A mafi yawan ƙananan injuna, gefe ɗaya na karanshaf yana ɗauke da maganadisu da kwayil a busasshen wuri, ɗayan gefen kuma yana shiga ɗakin kuloci inda man giya yake. Idan sil ɗin busasshen gefen ya saki, inji zai riƙa zuƙar iskar da ba ta bi ta kabureta ba. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi fiye da kima, kuma man da ke shafe fiston ya ragu a injin da ake gauraya masa mai da fetur. Alamarsa ita ce sulo ya ƙi zama, a saki totur inji ya ci gaba da kuka, filogi ya fito fari fat, kuma ƙarshen abin fiston ya kame a silinda ko kansa ya huje. Idan kuwa na gefen kuloci ne ya mutu, inji zai riƙa shan man giya, salansa ta yi ta fitar da hayaƙi mai kauri, filogi ya riƙa jiƙewa, man giya ya yi ta raguwa ba tare da an ga ɗigonsa a ƙasa ba. Baburan da yawa an yi musu hukuncin cewa kaburetarsu ce ta lalace, an kwance an ɗaure ba adadi, alhali cutar tana can ƙasa a jikin zoben roba.

Maƙeran farko ba su da wannan roba ko kaɗan, kuma yadda suka yi fama da matsalar shi ne shaida ta farko a kan abin da nake faɗa. Alfred Angas Scott, wanda ya fara fitar da baburansa masu silinda biyu a Bradford a 1908, ya toshe ɗakunan karanshaf ɗinsa da zoben ƙarfe da sifirin ke dannawa a jikin wata fuska mai santsi, mai yana shiga tsakaninsu. Da wannan tsari baburansa suka ci babban tseren tsibirin Man a 1912 da 1913. Kamfanin Villiers na Wolverhampton, wanda ya fara injinsa mai bugu biyu a 1913 kuma ya sayar wa kamfanonin babur da yawa na Ingila, ya daɗe yana dogara da dogayen bushin na tagulla, waɗanda su ne ke ɗauke da karanshaf, su ne kuma ke hana iska wucewa saboda tsawonsu da matsinsu da man da ke cikinsu. Wasu sun yi amfani da zoben matsattsen ulu. Duk waɗannan hanyoyi sun yi aiki muddin ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe tana daidai, kuma duk sun gaza da zarar ƙarfen ya cinye. Tun a wancan lokaci, awo ne ke toshe iska.

Sil irin wanda muka sani yau ya fito ne daga majema. Kamfanin Freudenberg na garin Weinheim a Jamus, wanda ya fara da jima tun 1849, ya shiga matsi lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. A wannan shekara injiniyansa Walther Simmer, ɗan ƙasar Ostiriya, ya fara aikin zoben fata da aka ɗaure cikin gwangwanin ƙarfe, daga baya aka ƙara masa siririn sifirin da ke matse leɓensa a jikin ƙarfe mai juyawa. Har yau Jamusawa da sunan Simmer suke kiran wannan zobe. A Amurka ma kamfanin Chicago Rawhide, shi ma mai sana'ar fata, ya bi irin wannan hanya a daidai wancan zamani. Fata ta fi ulu, amma takan bushe, zafi yakan ƙona ta. A shekarun 1930 masanan kamfanin IG Farben, Erich Konrad da Eduard Tschunkur, suka haɗa wata roba da ba ta narkewa a mai, wadda aka sa wa suna Buna N, wato robar nitiril. Ba a daɗe ba Freudenberg ya daina yin sil da fatar da ya gada daga kakanni ya koma wa roba. Kamfanin da arzikinsa ya ginu a kan fata bai ga laifin barin fata ba da ya samu abin da ya fi ta.

Wannan roba ta zo a daidai lokacin da babur mai bugu biyu ke shirin mamaye duniya. DKW na garin Zschopau ya riga ya zama kamfanin babur mafi girma a duniya a 1928, kuma a 1939 ya fitar da RT 125. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen da suka yi nasara suka kwashi zanensa a matsayin diyya: a 1948 ya bayyana a Ingila da sunan BSA Bantam, a Amurka Harley-Davidson ta ƙera irinsa, Tarayyar Sobiyet ma ta yi nata, sannan a 1955 Yamaha ta fara sana'ar babur da YA-1, wanda shi ma daga gare shi aka kwaikwaya. Daga nan gudu ya ƙaru. Walter Kaaden na kamfanin MZ ya ƙware a kan salansa mai tumbi da ke mayar da matsin iska cikin silinda, kuma da direbansa Ernst Degner ya tsere zuwa Suzuki a 1961, wannan ilimi ya isa Japan. Cikin ƴan shekaru aka ga Kawasaki H1 mai silinda uku a 1969, da Suzuki GT750 a 1971, da Yamaha RD350 a 1973. A irin waɗannan injuna kowace silinda tana da nata ɗaki, sai an raba su da sil a tsakiyar karanshaf. Yamaha ta sa zoben alminiyam mai kwarmi-kwarmi wanda ba ya dogara da leɓen roba, iska ce ke gajiya kafin ta gama ratsa shi. Kawasaki da Suzuki kuwa robar suka sa, shi ya sa duk mai son sauya ta sai an raba karanshaf ɗin da injin matsi, a sake haɗa shi, a daidaita. Aikin da ke da wannan wahala ba wurin gwajin sil marar asali ba ne.

Gasket ma irin wannan tafiya ya yi. A 1898 Richard Klinger na Ostiriya ya ƙirƙiro takardar asbestos da aka matse da roba, ya kira ta Klingerit, kuma kusan shekara ɗari irinta ce ke cikin injunan duniya, domin tana jure wuta tana kuma lotsawa ta cike ƴan ramukan ƙarfe. A ƙarƙashin murfin silinda aka yi amfani da jan ƙarfe zalla, ko jan ƙarfe da asbestos a tsakiya, ko alminiyam, wasu kuma suka goge fuskokin biyu suka haɗa ba gasket. Da aka tabbatar ƙurar asbestos tana haddasa ciwon dajin huhu, Birtaniya ta haramta shi ɗungurungum a 1999, Tarayyar Turai ta bi a 2005, aka koma wa zaren aramid da makamantansa. Abin da bai sauya ba shi ne kauri. A inji mai bugu biyu fiston ne da kansa ke buɗe ƙofofi yana rufewa, don haka gasket ɗin da ke ƙarƙashin silinda shi ke ƙayyade tsayin ƙofofin, wato lokacin buɗewarsu. Shi da na sama kuma su ke ƙayyade ƴar ratar da ke saura tsakanin kan fiston da murfi, wadda a injuna da yawa ba ta wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A ƙara rabin milimita, ƙarfi ya ragu, ƙonewar mai ta lalace. A rage rabin milimita, matsi ya yi yawa, wani lokaci fiston ya taɓa murfi. Takardar nan ɓangare ce ta lissafin injiniya.

Masu son komai ya zama na asali za su ce tsohon babur sai da kayan kamfaninsa, kuma idan aka samu sil da ke cikin ledarsa tun shekarun 1970, da lamba da tambari, to an tsinci dami a kala. Suna da hujja a rabin maganar, domin kayan kamfani ne ke da tabbacin awo, kuma ga fiston ko boris ko gasket na jan ƙarfe shekarun ajiya ba sa cutarwa idan tsatsa ba ta kama ba. Roba kuwa tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Iska da zafi suna taurara ta a hankali, leɓen da ya kamata ya lanƙwasa ya bi ƙarfe ya zama kamar busasshiyar ganda. Ƙa'idar duniya ta ajiyar kayan roba, ISO 2230, shekara 7 ta ba robar nitiril kafin a sake duba ta. Suzuki ta daina yin GT750 a 1977, Kawasaki ta daina H2, ƴar'uwar H1, a 1975, saboda haka sil ɗin da ya rage daga wancan zamani ya ninka wa'adinsa sau da yawa. Ga kuma fetur ɗin da ya sauya: a Amurka mafi yawan man da ake sayarwa yana da kashi 10 cikin ɗari na itanol, Birtaniya ma ta koma wa irinsa a 2021, kuma ba don shi aka haɗa robar da ba. Tsohon gasket na takarda da ke cikin leda kuma mai yiwuwa asbestos ne. Amfanin irin waɗannan kaya shi ne a auna su, a karanta lambarsu, a nemo sabo mai wannan awo.

Daga ɗayan ɓangaren akwai maganar da ta fi kusa da mu. A ƙasar Hausa injin mai bugu biyu ya yi zamani mai tsawo, daga Vespa da ƙananan Yamaha da Suzuki har zuwa Jincheng AX100, wadda kamfanin Sin ya yi a kan ƙirar Suzuki, wadda kuma ta ɗauki sana'ar acaɓa shekaru kafin baburan bugu huɗu su maye gurbinta. Bakanikenmu ya raya waɗannan injuna da abin da ke hannunsa: ya ɗora kwali a kan fuskar ƙarfe, ya bubbuga da ƙaramar guduma har siffar gasket ta fito, ya shafa gam ya ɗaure. Za a ce tunda hakan ya yi aiki, me ya kawo dogon lissafi? Wannan ƙwarewa ce ta gaske, kuma yankan gasket da hannu tsohuwar sana'a ce da maƙeran Turai ma suka yi. A murfin kuloci ko wani wurin da mai kawai yake tarewa, ba ta da aibu. Sai dai kwalin shago ba takardar gasket ba ne, yana shan fetur ya ruɓe, kuma kaurinsa sai yadda aka samu. Abin da ya ɓoye illar a wancan lokaci shi ne fiston da silinda suna nan birjik a kasuwa, idan inji ya buga sai a sauya. Yau silindar tsohon babur wani lokaci sai an yi watanni ana cigiya, kuma kowace silinda tana da iyakar yawan gyaran da za ta ɗauka. Sil na jabu da aka saya don rangwamen ƴan kuɗi kaɗan yana iya cinye abin da kuɗi ba za su dawo da shi ba. Araha ba ta ado. Idan za a yanka da hannu, a yanka daga takardar gasket ta ainihi mai kaurin da littafin inji ya faɗa.

Akwai kuma masu ganin duk abin da ya fi sabunta shi ya fi, su ma tarihin bai goyi bayansu gaba ɗaya ba. Robar Viton, wadda DuPont ya fitar a ƙarshen shekarun 1950 domin jiragen sama, tana jure zafi har kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, inda nitiril ke gajiya a wajen digiri 100 zuwa 120, kuma ta fi jure fetur mai itanol. A kan karanshaf, musamman inda sauyawa ke da wuya, ta cancanci tsadarta. A sandar canjin giya ko ta kik, nitiril mai kyau ta wadatar. Kuma sunan roba ba ya gyara kuskuren awo: sil ɗin Viton da ya fi faɗi da milimita biyu yana iya toshe ramin da mai ke bi zuwa boris, wanda ba shi da leɓe na biyu kuma yana iya kasa tare man giya a inda maƙeri ya sa mai leɓe biyu. Launi ma ba shaida ba ne, domin ana iya rina kowace roba ta yi ruwan ƙasa. Haka nan gam na silikon da ake shafawa ko'ina: fetur yana cin sa, abin da ya tsiyayo ciki kuma yana gutsurewa ya toshe hanyar mai. Injunan Japan da ake raba cikinsu sama da ƙasa, irin RD350, ba gasket a tsakani sai siririn shafin gam na musamman da ke jure fetur, kuma wanda ya cusa musu takarda ya sassauta riƙon boris. Waɗanda ake rabawa dama da hagu masu gasket kuwa, wanda ya cire takardar ya sa gam kaɗai ya rage wa karanshaf sararin da aka ƙaddara masa.

Abin da wannan tarihi ke koya wa mai gyara a aikace ba shi da wuyar bi. Kafin ya cire tsohon sil ya lura da gefen da sifirinsa ke kallo da zurfin zamansa, domin ba duk injuna ne suka yi daidai a nan ba. Ya karanta lambobi ukun da ke jikinsa, misali 20 da 40 da 7, wato faɗin ramin ciki da faɗin waje da kauri a milimita, ya tabbatar da su da ma'auni da littafin inji. Ya shafa farce a inda leɓen ke zama a kan karanshaf, domin sabon sil ba ya toshe ƙarfen da ya yi kwari, kuma boris mai girgiza zai kashe shi cikin kwanaki. Ya jiƙa tsohon gasket kafin ya kankare shi, kada ya goge shi a bushe ya shaƙi ƙura. Gasket na jan ƙarfe zalla ana iya gasa shi ya yi ja ya sake laushi, amma mai haɗi ba a maimaita shi. Bayan ɗauri ya zura siririyar wayar dalma ta ramin filogi, ya juya inji fiston ya matse ta, ya auna kaurinta ya san ratar da ta rage. Sannan ya toshe bakin kabureta da na salansa, ya hura iska kaɗan ya ga ko matsin zai tsaya, ya bi kowace gaɓa da ruwan sabulu. Wannan gwaji na ƴan mintuna shi kaɗai ke tabbatar da cewa zugazugin Joseph Day ya toshe.

Daga zoben ƙarfen Scott zuwa tagullar Villiers, daga fatar Simmer zuwa nitiril da Viton, daga asbestos ɗin Klinger zuwa aramid, abin da ake toshe iska da shi ya sauya sau da yawa cikin shekara ɗari da ɗoriya, kuma masu injunan da kansu ne suka jagoranci kowane sauyi. Kaurin takarda da faɗin zobe da ratar fiston kuwa suna nan yadda aka rubuta su ranar da babur ya bar masana'anta. Baburan nan ba a ƙara ƙera irinsu, duk wanda ya buga saboda sakaci ya tafi ke nan. Wanda tsohon babur ya faɗo hannunsa, bakanike ne ko magaji ko mai sha'awa, ya sayi roba sabuwa daga maƙerin da aka sani, ya bi awon asali ba ragi ba ƙari, kuma kada ya tayar da inji sai ya gwada ya ga iska ba ta fita.